Shekarar da Na Buɗe Injin Jan Gwada

Biyu daga cikinku sun tashi a Arewa a hannun kakarku, sauran kuma sun tashi a nan Agege a gabana, har ta kai in kun haɗu wajen biki ƙananan na gulmar manyan da Yarbanci, manyan na yi wa ƙananan dariyar Hausarsu. Na san abin da ake faɗa a dangi kan yadda aka yi haka. Ana cewa ubanku ya zaɓi tsohuwar mota a kan mahaifiyarsa. Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗayanta, domin akwai mota a ciki, akwai kuma mahaifiya. Sai dai masu faɗar ba su taɓa ganin motar ba, da yawansu ma ba a haife su ba a lokacin. Zan rubuta abin da ya faru yadda na gan shi, in ya so kowa ya yanke hukuncinsa.

A nan aka haife ni. Fataucin goro ya kawo babana Ikko, ya auro Inna daga garinsu can gabas da Wudil, ya ajiye ta a gidan haya kusa da layin dogo, ya rasu ya bar ta da mu biyu, ni da Yaya Lawal. Yaya ya bi dillalan fata a mayanka. Ni kuwa tun ina ƙarami ba na iya wuce mota a buɗe ban leƙa ba, sai Inna ta kama hannuna ta kai ni garejin Baba Fatai. Bayarabe ne mutumin Iseyin, Musulmi, gajere, mai faɗan tsiya. Yana jin Hausa sarai, amma ba ya yin ta sai in zagi zai yi. Da Yarbanci muke magana da shi, saboda haka duk abin da zan kawo na maganarsa ni na mayar da shi Hausa. A hannunsa na koyi sana'ar da na ciyar da ku da ita, kuma ranar da aka ɗaura aurena da mahaifiyarku Rabi a sahun iyaye ya zauna.

A can ƙuryar garejin, ƙarƙashin rumfar kwano, akwai wata mota tasa ta kansa. Ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, doguwar gaba, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta shafi titi da cikinta. Irin motocin tsere ne na da, ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu tun ban fara gemu ba. Silinda shida ne injinta a jere, da kafireto biyu masu haɗa mai da iska. Mutanen unguwa suka sa mata suna Jan Gwada, saboda launinta da yadda take ɗaga kai in an taka ta. Lokacin da yake da ƙarfinsa ranar Juma'a kawai yake fito da ita. Daga baya ido ya yi rauni, sai ta koma zama, a tayar da ita sa'i-sa'i ta ɗan yi ɗumi a kashe.

A shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba Fatai. Hannun dama ya mutu, ƙafa tana ja, baki ya karkace, amma kansa garau yake. Ɗansa Fatai ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata suna gidajen aure a nesa, sai shi da matarsa. Kullum da safe akan ɗauko shi a ajiye a kujerar roba a gareji, ya wuni yana yi mana faɗa da rabin baki. Wajen ƙarshen damina abin ya sake taɓa shi, likita ya gaya wa matarsa cewa kada a sa ran na gaba zai bar shi. Wata rana bayan azahar ya kira ni da hannunsa mai rai.

"Shaibu, Iseyin zan koma. Ina so a kwantar da ni kusa da ubana."

Na ce masa to, zan nemo danfo, wato ƙaramar bas ta haya, mai kyau a cire kujerun baya a shimfiɗa masa katifa.

"A naɗe ni kamar tabarma? A bayan motar katako na baro garin nan, a kan buhunan rogo. A motata zan shige shi. Kai za ka tuƙa."

Na ce masa na ji, zan kai shi. Iyakar alkawarin ke nan, kuma ban ɗauke shi da nauyi ba, don a zatona aikin yini guda ne, a canza batir da baƙin mai a hura taya.

Da na fita da ita gwaji sai na ga ba haka ba ne. Tana tashi da bugu ɗaya, a tsaye kuma sai ɗan ɗingishi kaɗan a muryar injin. A kan miƙaƙƙen titi, in ana lallaɓa ta, ba ka ce komai ba. Amma akwai wani ɗan hawa a hanyar Iyana Ipaja wanda ko okada, wato acaɓa, mai ɗauke da mutum biyu ba ta jin sa, nan ta tona kanta. Na taka totur har ƙasa, injin ya yi nishi, gudu bai ƙaru ba. Na sauko giya, na ƙara saukowa, danfo cike da fasinja ya wuce ni kwandasta na yi mini dariya. Allurar zafi kuma ta fara hawa. Motar da ta kasa wannan ba za ta iya tuddan da ke bayan Abeokuta ba, balle da marar lafiya a ciki.

Baba Fatai yana da ƙa'ida, in mota ta rasa ƙarfi kada ka fara zargin inji sai ka tabbata ba wani abu ne ke riƙe ta ba. Saboda haka na fara da birki, na tura ta da hannu a fili ta tafi salin-alin, na taɓa ƙafafun bayan tafiya babu wadda ta yi zafi. Na ja birkin hannu, na sa babbar giya na saki kuloci, injin ya mutu nan take, wato kuloci yana kamawa. Sannan muka juya ga mai. Lokacin ana wahalar fetur, abin da ake samu a galan a bakin titi rabinsa kananzir ne, ga shi kuma tankin ya daɗe a zaune. Na sauke tanki na wanke, tsatsa ta fito kamar garin barkono. Na canza filta, na gwada famfon mai yana tofarwa yadda ya kamata. Na kwance kafireto biyun na wanke su ɗaya bayan ɗaya. Wajen daidaita su, ya sa na ɗauko guntun tiyo, in sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kafireto, yana sauraren yadda kowacce ke shaƙar iska, yana ɗaga mini yatsa in ƙara ko in rage, har muryoyinsu suka zo ɗaya. Muka koma ɓangaren wuta, na sa sabon kwantak mai sakin wuta zuwa fulogi, na gyara taimin, wato lokacin da wuta ke sauka a kan mai. Bayan kowane gyara sai in koma hawan nan. Ta ɗan ji sauƙi, amma ciwon yana nan.

Fulogi ne suka fara ba mu labari. Da na jera su a kan benci, biyar launinsu ɗaya, ta silinda ta biyar kuwa daban take. Na mayar, na tayar da injin, na riƙa cire wayoyin ɗaya-ɗaya. Duk wadda na cire sai injin ya yi tuntuɓe, amma da na cire ta biyar ko a jikinsa, alamar dama can ba ta aiki. Na ɗaura ma'aunin matsi, sauran suka tura allura sama, ita kuwa da ƙyar ta motsa ta. Na ɗiga baƙin mai a ramin na sake aunawa, domin in zoben fistin ne ya cinye, man zai toshe kafar na ɗan lokaci allura ta hau. Ba ta hau ba.

"Bawul ne," in ji Baba Fatai. "Sauke kan."

Na sauke kan injin. Bawul ɗin fitar da hayaƙi na silinda ta biyar ya ƙone, gefensa ya gutsure kamar ɓera ya ci, sauran ma duk sun nemi wasawa. Na kwance komai na jera a kwanukan wanki da gwangwanaye, kowane bawul da maɓallinsa da murfinsa a inda zan gane. Irin wannan bawul ba a sayar da shi a lokacin, sai dai a nemo na wata mota mai kama da shi a kasuwar kayan gyara ta Mushin a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya rage shi. Ina cikin wannan neman ne gari ya rikice.

Faɗa ne ya tashi a kasuwa can wajen Mile 12, tsakanin mutanenmu da 'yan ƙasa, a kan wa zai riƙe me. Ba zan tsaya a kansa ba, domin ban gani da idona ba, kuma waɗanda suka gani ba sa son maimaitawa. An kashe mutane, an ƙona rumfuna. Bai iso unguwarmu ba, amma labarinsa ya iso, kullum da sabon ƙari. Aka daina fita in ba dole ba. Waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya da su jiya, yau sai a gaisa ido na ƙasa. Manyan motocin da suka kawo albasa da tumatir suka riƙa komawa Arewa cike da mata da yara da katifu.

Wata la'asar na dawo na tarar da Inna a tsakar gida a kan tabarma, kayanta a ɗaure a gefe. Yaya Lawal na tsaye, Rabi na zaune a bakin ƙofa da tsohon ciki, 'yarmu Hadiza na jingine da ita, ƙaninta Nura kuma, wanda bai daɗe da yaye ba, yana wasa da murfin tukunya. Yaya ya ce ya samo mana wuri a motar wani abokinsa, Rabi za ta zauna a gaba kusa da direba, jibi da asuba za a tashi.

"Na binne ubanku a ƙasar nan, ya isa," in ji Inna. "Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah."

Na ce, "Inna, injin Baba a buɗe yake."

"Sai ka rufe," in ji Yaya.

"Ba tukunya ba ce, Yaya. Bawul ma ban samu ba tukuna."

"Mutanensa na karkashe mutanenmu, kai kana nema masa bawul."

"Kul," in ji Inna. "Kada in ƙara ji. Mutumin nan ko kazar wani bai taɓa yankawa ba. Ni na kai masa yaron nan da hannuna, kuma bai ci amanata ba." Ta juyo gare ni. "Amma ni na haife ka."

Ina so ku fahimci yadda abin yake a kaina a wannan rana, ba don ku ba ni gaskiya ba. Injin da aka buɗe aka watsa a kwanuka, wanda ya watsa shi ne kawai ya san hanyar komawarsa, balle irin wannan da babu na biyunsa a Agege. In na tafi, motar ta mutu ke nan. Baba Fatai kuma ba shi da lokacin jiran in je in dawo. Inna tana da Yaya, ƙaƙƙarfa, wanda ya san hanya ya san direba. Shi kuwa daga tsohuwar matarsa sai ni. Haka na auna. Ban auna da cewa Inna ba rakiya take nema ba.

Washegari na gaya wa Baba Fatai abin da ake ciki. Ya kalli kwanukan nan, sannan ya ce, da Hausa, abin da ba ya yi sai in ransa ya ɓaci:

"Kai wawa ne? Tafi. Uwa ba a samun safayarta a Mushin."

Na ce masa na ji. Na ɗauki tsohon bawul ɗin na sa a aljihu na tafi Mushin, a ranar kuma na dace da wanda za a iya ragewa. Kada wani ya ce muku shi ya riƙe ni. Bai riƙe ni ba.

Da yamma na durƙusa gaban Inna na ce mata su yi gaba, da na rufe injin na kai tsohon zan biyo su. Da gaske nake lokacin da na faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi Rabi ita fa.

"Inda yake nan nake, Inna. Da cikin nan ma ba zan iya hanyar ba."

"To. Ku manya ne, kun san abin da kuke yi. Waɗannan ba su san komai ba, ba zan bar su a bakin wuta ba. In kun zo kwa same su."

Babu wanda ya isa ya ce wa kaka a'a a kan jikokinta a irin wannan lokaci, kuma ni kaina na ga hikimar abin. Da muka shiga ɗaki Rabi tana ninke kayan yaran, ba ta kalle ni ba ta ce:

"Malam, kai ka san inji, ni na san Inna. Ba za ta dawo da su ba."

Na ce mata ai mu za mu bi su. Ta ci gaba da ninki.

Da sassafe muka raka su bakin kasuwa. Motar ta cika, warin albasa bai bar ta ba. Aka ɗaga Inna aka zaunar da ita a kan katifa, aka miƙa mata Nura yana barci. Hadiza ta hau da kanta, riƙe da butar Inna, tana murna za ta shiga babbar mota. Yaya bai yi mini sallama ba. Rabi ta tsaya har motar ta sha kwana, sannan ta juya, ni kuma na wuce gareji.

Na wasa bawulolin duka. Ana shafa musu wani maiƙo mai yashi-yashi ne, a riƙa murza su a mazauninsu da sanda tsakanin tafin hannu, kamar mace na burga miya, har bakin ya zauna daram. Na zuba kananzir a kansu na jira, babu wanda ya yi yoyo. Na sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan da jikin injin, na mayar da kan, na ɗaure shi daga tsakiya zuwa gefe yadda aka koya mini. Azumi ya kama muna cikin wannan. Da na tayar da injin, ɗingishin ya tafi, shidan duka suna magana da murya ɗaya. Baba Fatai ya rufe ido yana saurare, ya gyaɗa kai. Na fita da ita zuwa hawan Iyana Ipaja, na taka. Ta ɗan ɗaga kai, sannan ta yi nishin nan nata, allurar zafi ta fara hawa.

Na dawo na faɗa masa. Mun duba mai, mun duba wuta, mun duba matsi, abin da littafi ya ce a duba ke nan. Na sake bin komai daga farko ban sami kuskure ba. A gida Rabi ba ta tambaya ta, abinci kawai take ajiye mini in an sha ruwa.

Abin da ya warware mana shi ne rana. Wata azahar inuwar rumfa ta gushe daga inda yake zama, sai na ja kujerarsa zuwa bayan motar, na koma gaba ina taka totur ina sauraren kafireto. Can na ji yana buga kujera da sandarsa.

"Ƙara takawa. Riƙe ta a nan. Zo ka gani."

Na sa dutse a kan totur na zagayo. Ya nuna mini bakin rigarsa, wadda ke rataye dab da bututun hayaƙi. Injin yana ihu a gaba, rigar kuwa da ƙyar take motsi. Na sa tafin hannuna a bakin bututun, sai wani ɗan huci mai rauni kamar numfashin jariri. Inji irin wannan ya kamata ya ture hannun mutum.

"Tana ci, tana sha, ba ta fitarwa," in ji shi. "Shekara da shekaru ina gaya wa yara su zagaya bayan mota, ga shi ni ban zagaya ba."

Don mu tabbata, na kwance bututun daga inda ya haɗu da injin na bar shi a sake, na fita. Ban yi tunanin halin da gari ke ciki ba. Ƙarar da ta yi sai ka ce ana ɓarin wuta. Masu shaguna suka fara jan ƙofofi, mata suka kwashi yara, wani mai shayi ya bar tukunyarsa ya tsallake kwata. Amma da na isa hawan na taka, sai ta manna bayana da kujera, ta haye shi a babbar giya kamar babu shi. A hanyar dawowa wani mahauci abokin Yaya ya tare ni a tsakiyar titi da zagi, ya ce in ina so in kashe mutane da tsoro in bari a sha ruwa tukuna. Na ba shi haƙuri, na tura motar da hannu sauran hanyar.

Da mai walda ya tsaga salansa, wato tukunyar rage ƙara da ke jikin bututun hayaƙi, sai ga farantan cikinta duk tsatsa ta cinye su sun rufta sun toshe hanya. Zaman da motar ta yi ne ya jawo, a tayar da ita kaɗan a kashe, ruwa ya taru a ciki. Zafin da ya rasa mafita kuma shi ya koma ya ƙone bawul. Daga baya Yaya ya sha cewa da mun fara da salansa, da motar ta kai tsohon a kan silinda biyar ba sai an buɗe inji ba, da kuma na bi su. Mai yiwuwa ne. Shi kuwa Baba Fatai tun a wancan lokacin ya ce da ba ta kai ba. Ni ban sani ba.

Cikin azumin muka tafi. Na tokare shi da matasan kai a kujera, matarsa ta sa masa hularsa ta Juma'a, ita kuma ta biyo mu a danfo da kaya. Muka wuce Abeokuta lafiya lau. Da muka fara tuddai ya ɗora hannunsa mai rai a kan nawa a bisa giya, duk sanda na yi niyyar saukowa sai ya danne, ya ce in bar ta, za ta iya. Ta kuwa iya. Da muka shiga Iseyin ya ce in rage gudu in bi ta kasuwa, ya miƙe zaune iyakar iyawarsa. Tsofaffi biyu a ƙofar masallaci suka gane shi suka taso. A ƙofar gidan ubansa na kashe injin, aka ɗauke shi aka shiga da shi. Kafin in juyo ya sa aka kira 'yan'uwansa, ya ce a gabansu garejin Agege nawa ne. Motar na bar ta a can ƙarƙashin wata bishiya, na hau motar haya na dawo.

Daga nan ya kamata in ɗauki Rabi mu bi su Inna. Sai ta haihu, Bilkisu ce, ba a tafiya da ɗanyen jego. Bayan ƙaramar Sallah aka aiko Baba Fatai ya rasu, na koma Iseyin ta'aziyya. Kafin a yi arba'in ɗin rasuwarsa gari ya lafa, waɗanda suka gudu suka fara dawowa, gareji ya cika da motoci. Cikin masu dawowar har da Yaya Lawal, domin ya je ya ga babu fatar da za ta riƙe shi a ƙauye. Ya bar Inna a gidan ƙaninta da yaran biyu. Ba mu taɓa zama ni da Rabi mun ce mun fasa komawa ba. Kowane wata akwai dalilin da zai sa a bari sai na gaba.

Sai da Babbar Sallah na je, ni kaɗai, da saƙon Rabi cewa in taho mata da 'ya'yanta. Na iske Inna ta yi ƙiba, ta sami 'yan'uwa da ƙawayen ƙuruciya. Hadiza ta gaishe ni a durƙushe kamar yadda aka koya mata, Nura ya ɓuya a bayan zanin Inna yana leƙe na. Aka share mini ɗakin zaure, aka kawo mini tuwo a kwanon da ake fitarwa don baƙi. Da muka keɓe ta tambaye ni.

"Ka kai shi?"

"Na kai shi, Inna."

"Da ransa?"

"Da ransa. Ya yi Sallah a cikin danginsa."

"Madalla. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne."

Na jira har ana gobe zan tafi, sannan na kawo maganar yaran. Na ce uwarsu tana kewarsu, gari ya zauna lafiya, ga makaranta. Ta saurare ni har na gama, tana gyara wa Nura wuyan riga.

"'Ya'ya biyu na haifa, duka Ikko ta riƙe. Waɗannan da na ce su zo, sun zo. In ka ce za ka ɗauke su ba zan hana ka ba, naka ne."

Ban ɗauke su ba. Hadiza da Nura, ku sani ba wanda ya yar da ku. Mahaifiyarku ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba ranar da na sauka daga mota ni kaɗai, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina ware muku kaso in ta raba wani abu ba. Inna ta rayu har ta aurar da Hadiza, muna zuwa duk shekara, ba ta taɓa tayar da maganar motar ba ko sau ɗaya.

A wancan zuwan na farko, da safen da zan tafi, ta rako ni har bakin zaure, abin da ba ta saba yi wa ɗanta ba. Ta ba ni ƙullin kuka da daddawa in kai wa mai jego. Na durƙusa, ta sa mini albarka, ta yi mini addu'ar hanya. Da na miƙe na ɗauki jakata sai ta ce:

"To, mun gode da ziyara. A gaida mutanen gida."

Na ce, "Za su ji."